Amsar da Na Ɓoye wa Likita

Lokacin ina ɗan kabu-kabu a Gangara, ina ganin kaina wayayye don na fi duk 'yan rugarmu jin Hausa. Ni ne ɗan farin Inna, akwai kunya mai nauyi tsakaninmu, ko sunana ba ta faɗi. Ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, ni kuma duk ranar kasuwa nakan sayo mata ƙwayoyi wurin mai tebur, tana sha safe da yamma, har wata biyar.

Da ciwon ciki da jiri suka kwantar da ita, na kai ta gidan likita. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ba ta yi gaggawa ba. Ta auna jininta, ta duba cikin idonta ta ce ya yi fari, ta danna mata ciki a hankali. Sannan ta fara tambaya ina fassarawa, don Inna Fulatanci kawai take ji sosai. Ta tambayi ko tana shan wani magani, na ce babu, don tsoron faɗa. Ta tambayi launin bayan gidanta. Yaya zan yi wa mahaifiyata wannan tambaya? Na juya na yi wa Inna wata maganar daban, na ce wa matar lafiya lau ne. Ashe Inna ta tsinci tambayar da 'yar Hausarta, kanta a sunkuye ta ce in gaya wa matar bayan gidan ya koma baƙi kamar gawayi. Na haɗiye maganar.

Matar ta dube ni ta ce, "Malam, da abin da ka faɗa mini zan tsara jinyarta. Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Duk da haka hankalinta bai kwanta ba, ta so a kwantar da Inna a sa mata ido. Na ce ga shuka tana jira, za mu dawo jibi.

Ba mu kai jibin ba. Washegari da hantsi Inna ta yi aman jini, muka kama hanyar gidan likita, ta cika a kan amalanke kafin mu wuce gonaki. Daga baya na koma na gaya wa matar gaskiya. Ba ta zage ni ba, ta dai ce ƙwayoyin ne suka ci cikin, da ta sani da a ranar ta tura mu babban asibiti.

Na san kwana ya ƙare, amma ni na rufe bakin Inna. 'Yan'uwa, tambayar ma'aikatan jinya ba neman tona asiri ba ce. In kunya ta hana ka faɗa, fita ka kira wanda zai iya.