Gangar Isiyaku, daga Kano zuwa Nuzla

Kano

Tun kafin kiran Assalatu na fito daga gida, ido cike da barci, gwiwa tana ƙorafi. Umara za ni, amma sai da na biya ta gidan Kawu Ɗanlami, don shi ma da nasa aiken. Kawu tsohon makaɗin rok ne, kiɗan nan na Turawa, da samartaka shi ke kaɗa jita a otal-otal na Sabon Gari. Yanzu da furfura ta rufe shi ya haɗa faifansa na ƙarshe: ga kiɗan fank mai tayar da zaune, ga na sol, ga waƙoƙi masu sanyi. Ta ƙarshen ya ɗora ta ne a kan gangar da amininsa Isiyaku ya buga a wani tsohon kaset, kafin ya tafi aikin Hajji ya yi zamansa a can, a unguwar Nuzla ta Jidda.

"An tura maka waƙoƙin a waya," in ji Kawu. "Ka kunna masa. In ya ce a'a, faifan nan ba zai fita ba. Ba na sayar da hannun mutum bai sani ba."

A filin jirgi muka sha layi, muka sha bincike. Jirgin safe bai tashi ba sai bayan La'asar.

Aziziyya

Da na sauke Umara a Makka na gangaro Jidda, ƙafafuna a kumbure. Masaukina a unguwar Aziziyya ɗaki ne na mutum huɗu, na'urar sanyinsa ta fi ba da ƙara a kan sanyi. Gaskiya na gaji, har na fara jin haushin Kawu. Wa ya aike ni neman tsoho a garin da ban san gabas ba?

Da hantsi aka haɗa ni da Usman, direba, Bahaushen Sudan.

"Nuzla?" ya ce, yana surka Hausa da Larabci. "Ya ammi, can ba a neman gida da lamba, da sunan mutum ake nema. Yalla, mu je."

Nuzla

Lungunan sun fi ƙarfin mota, muka ajiye ta muka taka. Tambaya ta uku aka nuna mana ƙofa: "Alhaji Isiyaku mai buɗe masallaci."

Siririn tsoho ne, makulli rataye a wuyansa. Aka kawo wake da burodin tamis da shayi, 'ya'yansa manya biyu suna gefe suna hirarsu da Larabci. Ni kuwa, da yake gajiya ta cinye mini hankali, na zaro waya na ce, "Kawu Ɗanlami mai jita ne ya..."

"Ɗanlami tela?" ya tari numfashina. "Yana nan lafiya? Sha shayinka, ɗana."

Nan na gane 'ya'yan ba su san ubansu ya taɓa riƙe makaɗin ganga ba. Na mayar da waya aljihu. Na ce a raina, shi ke nan, faifan Kawu ya mutu a hannuna.

Da na tashi tafiya ya ce zai taka mini, baƙo ba ya fita ba rakiya. Ya hana yaran biyo mu. Rakiyar ba ta tsaya a bakin lungu ba, har mota ya kai ni, ya shige gaba ya zauna.

"Usman, ɗaga gilashi. Kai kuma kunna."

Fank ya wuce, sol ya wuce. Da gangarsa ta shigo sai ya runtse ido. Fuskar ba ta nuna komai ba, amma na ga ƙafarsa ta dama tana dukan shimfiɗar motar, daidai da kiɗan.

"Muryar Ɗanlami ta tsufa," ya ce da waƙar ta ƙare, yana goge ido da gefen rawani. "Halas, shi ke nan, ya fitar. Amma kada ya sa sunana. Da makullin nan yarana suka san ni."

Ya fita, Azahar ta gabato.

Gida

Na sauka Kano a galabaice. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na kuma gode wa Usman, wanda ya ji komai bai tambayi komai ba. Ko gida ban je ba na wuce wajen Kawu, na tarar da shi a tabarma.

"Ya yarda, Kawu, amma ban da suna."

Ya yarfa hannu. "Wannan na sani tun kafin ka tafi. Ƙafarsa ta motsa?"

"Ta motsa, har waƙar ta ƙare."

Ya daɗe yana kallon jitarsa a jingine da bango.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe Isiyaku yana nan."