Ranar da Yayana Ya Tashi Sama Daga Rijiya

Shekarun baya can, zamanin Nasara, kumandan na Dakoro ya ce a ƙara wa rijiyar garinmu zurfi, aikin dole. Yayana aka zura ciki, don shi ne siriri. Daminar bara ba ta yi ba, duk ya rame, ka ce karan gero aka sa wa riga.

Rijiyoyinmu kun san su, in ka leƙa sai jiri ya kwashe ka. Takarkari ke jan igiya ta bisa wani gungume da aka gitta a baki. Ranar nan jiƙaƙƙen yashi ake fiddawa cikin wasaki, babban gugan fata. Sa guda ya kasa, sai kawuna ya ƙara na biyu. Ko da hakan, da ƙyar wasakin ke tahowa, a hankali, shanun na nishi.

Da azahar ni da mahaifiyata muka kawo fura. Can ƙasa yayana ya kwance wasakin, ya ɗaura igiyar a ƙugu ya girgiza ta, alamar a ja. Mai korar shanu ya zaci yashi ne, ya tsula musu bulala kamar ɗazu.

Wayyo Allah! Ƙarfin da ke jan yashi da ƙyar, ya samu mutum marar nauyi. Igiya ta riƙa gudu har gungumen na hayaƙi. In ya iso a haka, kanshi ne zai daki gungumen.

"Kai, ɗana ne! Ku tsaida su!" in ji Inna. Ta yar da zanen lulluɓi, ta sha gaban shanun, ta rataye a igiyar hancin babban. Suka ja ta a ƙasa, sannan suka tsaya. Ni kuwa, jaruma, ina tsaye da ƙwarya a ka ina ihu, ko ɗigon fura bai zuba ba.

Yayana na reto dab da gungumen, ya ce, "Inna, an kawo furar?"

Kwanaki jikata ta dawo daga lakwal, makarantar boko, tana gaya mini wai in ƙarfi ɗaya ne, abu marar nauyi ya fi saurin zabura. Na ce, "'Yar nan, na gani da idona."

Shekaru sun shuɗe. Yayana ya yi furfura, ya yi tumbi, amma har Inna ta rasu ba ta daina tura mishi ragowar tuwonta ba. Sai ta ce, "Ci dai, ka yi nauyi."