Likkafanin Malam

Ranar Talata ce, na tashi da niƙan wake kamar kullum. Gidanmu yana Itapagipe, wata unguwa a bakin teku a ƙasar Nasaran da aka kawo mu bauta, bayan wurin da ake gyaran jiragen ruwa. Ƙararrawar cocin kan tudu ta buga ina kan dutsen niƙa. Malam, maigidana, yana zaune a bakin ƙofa yana jan carbi cikin hannun riga, don a garin nan carbi a fili tsokana ce. Manja ya fara zafi a kasko. Da ƙosai na fanshi kaina daga bauta, shi kuma Malam da toshe ɓarakar jirage.

Ɗa ɗaya Allah ya bar mana. Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kama sunansa ba, Babangida nake ce masa. A shekarar ana yaƙi a kudu, can wata ƙasa da ba mu ko san inda take ba, ana kamen soja kamar kamen kaji. Saurayi baƙar fata mai 'yanci in ya fita kasuwa, sai dai a tsinci hularsa a hanya. Bawa kam ba a taɓa shi, dukiyar wani ne. Sai muka ɓoye Babangida ƙarƙashin wani ruɓaɓɓen jirgi da ke kife a bayan gida. Can yake ci, can yake salla a zaune.

Mai kamen unguwarmu Habu ne. Ɗan Bahaushe ne, uwarsa ƙawata ce kafin ta rasu. Ya sa kayan soja, ya zama saje, ya daina amsa sallama. Ya sha zuwa ya birkice mana ɗaki yana neman Babangida, wanda suka tashi suna cin tuwo a kwano ɗaya. Na tsine masa ido da ido, har yau kuma ban janye ba.

Da hantsi ruwan teku ya janye. Malam ya tafi bakin taɓo, bai daɗe ba ya dawo yana salati. Habu ne kwance a can, an soke shi a wuya, ungulaye sun fara sauka. Na ce a bar shi, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Malam bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ni na yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi. Ungulu ba za ta ci shi ina raye ba."

Ya buɗe akwati ya ɗauko likkafaninsa, farin ƙyalle uku da ya saya tun shekarar da ya fanshi kansa. Tsoho ɗaya ba ya ɗaukar gawa. Babangida ya rarrafo daga ƙarƙashin jirgin. Na riƙe masa riga, ya ɓamɓare yatsuna a hankali ya bi ubansa. Suka wanke Habu, suka suturta shi. Suka haƙa rami a bayan itatuwan kwakwa, suka kwantar da shi a kan damansa, fuska gabas, suka jera itace don kada ƙasa ta taɓa shi. Kafin la'asar an gama. Muka ce ba wanda ya gani.

Ranar Alhamis mai binciken hukuma ya shigo unguwa. Banasare ne ramamme, ya dawo daga yaƙin da hannu ɗaya da wani busasshen tari. Ba ya ihu, ba ya sauri. Ya sayi ƙosaina ya ci a tsaye, idonsa yana kan taɓon. Ya bi sawu har gindin kwakwa. Kafin azahar an tone kabarin. Da su Malam sun jefa Habu a rami kamar kare, da ba a san ko su wa ba ne. Amma ga gawa wankakkiya, ga farin ƙyalle, ga fuska gabas. A duk unguwar gida ɗaya ne ya rage da ke binne mutum haka.

Juma'a da safe, rana ta ɗan ɗaga. Na fara jin takalman sojoji a kan tsakuwa. Karen maƙwabta ya yi haushi, ya yi ƙara, ya yi shiru.

"Buɗe!"

"Kowa ya kwanta!"

"Ina saurayin?"

Malam ya tsaya a bakin ƙofa ya ware hannuwansa. Aka sa masa gindin bindiga a ka. Na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Ya durƙusa, ya juyo, ya ce da Hausa, "Ku tafi!" Aka ƙara masa. Wani ya shure kaskon, manjan ya kama, wuta ta hau jinka. Na fita ta baya cikin hayaƙi, na buga jikin jirgin da tafin hannu, Babangida ya fito.

Muka faɗa taɓo. Ya kai mana gwiwa, ɓawon dodon koɗin teku yana yanka mana ƙafafu. A bayanmu ana busa usur, ana harbi sama. Muka laɓe cikin saiwoyin itatuwan ruwa har ruwa ya fara dawowa ya kore mu. Daga nan ina hango hayaƙin gidana. Babangida ya so komawa wurin ubansa, na mare shi. Wallahi shi ne marin farko da na taɓa yi masa.

Na ɗaura masa zanena na biyu, na lulluɓe masa kai, na aza masa kwando kamar mai talla. Muka bi hanyoyin bayan gonaki, muna kauce wa titi. Wata Bayarbiya ta ba mu garin rogo da wurin kwana, ba ta tambaye mu komai ba. Itapuã muka nufa, inda wani tsohon masunci ɗan garinsu Malam yake fitar da masu gudu a kwalekwale zuwa arewa.

Kashegari da azahar muka ga farin yashin Itapuã, muka ji ƙarnin kifi. Kwalekwalen yana nan, ruwa yana lasar gindinsa. Na ce alhamdu lillahi a fili. Sai na ji tarin.

Mai binciken ne zaune a inuwar kwakwa, dokinsa a ɗaure, dogarai a bayansa. Tun safe yake jiranmu.

"Tsaya!"

"Ɗaure shi!"

Suka yaye zanen suna dariya. Na zube a gabansa na kama takalminsa. Na ce masa da Yarbanci, wanda duk garin ke ji, ba mu muka kashe Habu ba, binne shi kawai muka yi. Ya gama tarinsa, ya goge baki. Ya ce, "Na sani, tsohuwa. Mai kisa ba ya wanka. Amma wanda ya kashe shi bawa ne, yana da ubangida. Ɗanki ba shi da kowa."

Suka sa masa igiya a wuya suka ɗaura a sirdi. Doki ya tashi. Ban san sanda bakina ya buɗe ba. "Sule!" Ya waigo da sauri, yana dubana kamar bai san muryar ba. Igiyar ta fizge shi.

Bayan an daɗe na koma sayar da ƙosai a bakin filin fada, kusa da rumfar wani wanzami. Can na tarar labarinmu ya riga ni. Jarida ta buga shi kashi-kashi, wanzamin yana karanta wa masu jiran aski: jarumin mai hannu ɗaya, da kabarin da ya fuskanci gabas, da mugun ɗan Musulmi cikin zanen mata. Mutane suna cewa a maimaita. Wani ya ce mini, "Iya, kin ji wannan? Kai, mutumin nan akwai basira!" Na ƙunsa masa ƙosansa a ganye na miƙa masa.

Ban ga laifinsu sosai ba. Kowannensu yana da wani a kudu, ana mutuwa can ba dalili, ba wanda za a kama. Ga mutuwa ɗaya da aka gano mai ita, aka ɗaure shi. Da ba nawa ba ne, da ni ma na tsaya na ji.

Malam ya cika a tsakar gida tun ranar. An ɗauke shi a amalanke an jefa a ramin da ake zuba gawarwaki tare, an zuba farar ƙasa, ba wanka, ba salla. Sule an sa shi a jirgin soja, bai dawo cikin waɗanda suka dawo ba, ban san ta wane gefe ya kwanta ba. Habu kuwa sojoji sun sake binne shi da ƙaho da ganga, ba su cire masa ƙyallen ba. Mutum ɗaya ne ya samu sutura daga gidanmu, shi ne wanda ya zo kama ɗana.