Rigar Sanyi a Watan Yuli

Jiya a unguwarmu ta Woolwich ana tsananin zafi, na shiga lif, na'urar hawa benenmu, rungume da rigar sanyi da takalman ski, wato wasan sulu a kan ƙanƙara. Maƙwabciyata Hajiya, 'yar Gana, ta dube ni sama da ƙasa.

"Likita, lafiya kuwa? Mu fanka muke nema!"

Na ce ƙasar Chile za ni, can yanzu ake sanyi. Tun da na karye a wasan aka yi min aikin gwiwa nake lallaɓa ƙafar nan, don in sake sulalowa kan sabuwar dusar ƙanƙara wadda ba wanda ya taka.

"In ka sake karyewa fa?"

"Sai a ɗaure, Hajiya, in warke in koma."

Ta girgiza kai, ta yi min addu'a.

Ku fa, me kuka ƙi haƙura da shi?