Kazar Ta Warke, Tasi'u

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, sha biyu ga watan Rajab, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Tasi'u Maikano, mai kula da lafiyar 'yan wasa a ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa a nan Wudil. Ya bar mahaifiya, da mata, da 'ya'ya biyu. Ni Ja'afar, kyaftin ɗin ƙungiyar, na yarda da ƙaddara, na kuma san kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma raina a ɓace yake, Tasi'u, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Kafin ka zo mana, duk ciwon da aka ji a fili targaɗe muke ce masa. A ja ƙafar mutum yana ihu, a murza da man zafi, a ce tashi, kai ba namiji ba ne? Kai ka je ka yi kwas ɗin agajin 'yan wasa, ka dawo ka zaunar da mu a gindin darbejiya kamar 'yan firamare. Ka ce targaɗe jijiyar gaɓa ce ta miƙe ko ta yage, ƙanƙara da hutu take so, ba murza ba. Gocewa, ƙashi ne ya bar mazauninsa. Tsagewa, ƙashi ya dare amma bai rabu ba. Karaya kuma iri biyu ce: wadda ta tsaya a ciki, da wadda ƙashi ya huda fata ya fito. Ta biyun, ka ce, ba a ɗaure ta a gida, domin ƙazanta ta riga ta shiga. Muka yi ta dariya, muka sa maka suna Likitan Darbejiya, ka amsa.

Ba na manta ranar da Auta, mai tsaron ragarmu, ya faɗi a kan kafaɗa a Utai. Ana wasan ƙarshe, jama'a na zaginka suna cewa ka bar shi ya ci gaba. Ka rataye masa hannu da rawanin wani dattijo, ka goya shi a babur har asibiti. Kofin ya wuce mu, sati guda ba mai amsa gaisuwarka. Yau Auta da hannun nan yake noma.

Ga kuma fitinarka a kan abinci. Ka hana mu shiga fili da koko kaɗai a ciki, ka hana mu lemon ƙara kuzari. Kullum wake, ƙwai, kifi, nono, zogale. Tsoka da ƙashi, ka ce, gini ne, ba kuma a fafe gora ranar tafiya. Duk ranar atisaye Suwaiba matarka ta dafa alale cike da kula, ka raba wa waɗanda ka san ba su karya ba, kana yi kamar ragowa ce ta dame ka.

To, sai ga shi an je wasan sada zumunci a Kausani, mutum ɗaya bai zo ba, ka sa riga ka cike gurbi. Aka haɗu a kan ƙwallo, ƙwaurinka ya karye, ƙashi ya fito. Kana kwance ka kama hannuna ka ce, "Ja'afar, wannan ba ta ɗori ba ce."

Amma kafin mota ta zo labari ya kai gida. Baffa Ya'u, yayan mahaifinka, wanda ya riƙe ku tun rasuwar mahaifin naka, ya ce a gidan nan ba a taɓa kai karaya asibiti ba, can yanke ƙafa kawai suka iya. Na durƙusa na ce, "Baffa, don Allah a duba, shi kansa ya ce ƙashi ya huda fata." Ya ce, "Yaro, na girmi ubanka." Na juya gare ka, na zaci za ka yi magana. Ka sunkuyar da kai ka ce bin na gaba bin Allah. Mutumin da ya tsaya gaban taron fili saboda kafaɗar wani, ya kasa buɗe baki saboda ƙafarsa. Wannan yana cina har yanzu.

Aka kawo maɗori ya ɗaure ƙafar da kara, tamau. Ya sa aka kamo kaza ya karya mata ƙafa ya ɗora, wai yadda za ta warke haka za ka warke. Sannan ya kafa doka: ba ƙwai, ba kifi, ba nono, ba gyaɗa, wai su ke kawo mugunya. Kunu da gayan tuwo aka bar ka da su. Suwaiba ta dafa ƙwai ta ɓoye a mayafi, aka mayar da ita daga bakin ƙofa. Ka rame, yatsun ƙafar suka yi baƙi, zazzaɓi ya ƙi sauka. Kai da kanka ka gaya mini abin ya shiga jini. Sai da wari ya hana mutane zama a ɗakin aka yarda a kai ka asibiti, can kuwa suka ce an makara. Kazar kam ta warke. Na gan ta ranar sadakar uku tana tono a bakin zaure, ko ɗingishi ba ta yi.

A zaman makoki kowa na cewa ka yi biyayya, ɗan albarka. Gaskiya ne. Ban ji wanda ya ce an yi kuskure ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Mairo mahaifiyarka, da Suwaiba, da Abba da Sumayya, Allah ya raya su ya ba ku haƙurin rashi. Ga Baffa Ya'u ma ina yi, domin na ga hawayensa, na kuma san ba da ƙiyayya ya yi ba. Allah ya yafe masa, ni kuma ya sanyaya mini zuciya, don har yau ban iya haɗa ido da shi ba.

Allah ya jiƙanka, Tasi'u, ya haskaka kabarinka, ya sa jinyar nan ta zama kaffara. Ya saka maka da alheri a kan kowace gaɓa da ka ceta. Allah ya sa Aljanna ce makomarka, ya ciyar da kai a can abin da aka hana ka a nan.