Rariyar da Ke Shigar da Ruwa Gida

Jiya da la'asar ina alwala a ƙofar ɗakin da nake haya a Unguwa Uku, ruwan buta ya sauka a kan busasshiyar ƙasar bokitin shukata, ƙamshin nan ya taso. Ka san shi, ƙamshin ƙasa mai zafi idan ta sha ruwa. Sai na yi sororo da buta a hannu, har maƙwabcina ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. Me zan gaya wa mutumin da ko barkono bai taɓa shukawa ba?

Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya, don haka kar ka jira ado a maganata. Abin da na gani shi zan faɗa maka.

Ina firamare Baba ya taso da mu daga cikin birni zuwa Gyaɗi-Gyaɗi. A lokacin, in ka tsaya a ƙofar gidanmu kana hango gonakin gero har wajen Tarauni. Baba tela ne. Ya gina ɗaki uku da zaure, ƙarfinsa ya ƙare, sai aka bar wani ɗan fili a jikin bangon da ya raba mu da titi. Tabarma huɗu za su rufe shi. Niyyarsa ya yi ɗakin haya a wurin, domin direbobi da leburori suna ta kwararowa unguwar daga ƙauyuka, kowa na neman makwanci.

Sai Kaka, mahaifiyarsa, ta dawo wurinmu da zama. A gidan 'yan lambu ta tashi, a bakin fadama. Ranar da ta sauka ta kalli filin nan, ta ce nata ne.

To, Baba ɗan farinta ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ni ne ɗan aike, ko da kuwa a tabarma ɗaya suke. Takan ce da ni, “Maigidana, gaya wa mutumin nan lambu zan yi.” Ni kuma in juya in maimaita, alhali ya ji da kunnensa.

Baba ba zai ce wa uwarsa a'a ba, amma ya san hanya. Daminar shekarar ba ta yi kyau ba, rijiyar unguwa ta yi ƙasa, ruwa sai na 'yan garuwa. Ya ce in gaya mata ba zai ƙara ko garwa ɗaya saboda ganye ba. In bazara ta wuce akwai sauran kore a wurin, fili ya zama nata. In babu, magini zai zo kafin ruwan farko. A ganinsa ya gama da ita cikin ladabi.

Kaka ba ta shuka komai ba tukuna. Kujera 'yar tsugunno ta ɗauka, ta yi kwanaki tana zaune tana kallon fili, har Mama ta fara raɗa cewa tsufa ya zo. Ashe inuwa take bi. Inda inuwar bango ta tsaya da hantsi, sai ta ja layi da toka. Da azahar ta ja wani, da la'asar wani. Da ta gama, ta raba wa kowa mazauninsa. Zogale inda rana ta fi duka, don shi ba ya kuka. Fangali uku na alayyahu da yakuwa da tattasai inda inuwa ke rufewa da tsakar rana. Kabewa a gindin madafa, ta hau rufi ta bar mana ƙasa. Lalle a bakin shiga. A tsakiya, inda ƙasa ta fi kwari, ta ajiye wa dashen lemun tsami wuri.

Saura ruwa. Shi ma ba a zaune kawai take ba, kunnenta na bayan bango. A dakalin ƙofar gidanmu mazan layi suke jam'i, kowa ya zo da butarsa daga gidansa, ya yi alwala a jikin bangon nan, ruwa ya bi titi ya zama taɓo. Ta sa aka kira magini, ta ce ya huda bango daga ƙasa, ya karkata ramin ya kallo ciki, ya kafa faffaɗan dutse a waje don masu alwala.

Magini ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “Inna, tun da nake, rariya waje take kai ruwa.”

Ta ce, “Huda bango na kira ka, ɗan nan. Ruwan ya san hanyarsa.”

An yi mana dariya a unguwa ba kaɗan ba. A makaranta har dambe na yi da wani da ya ce gidanmu kwata muke sha. Baba ya ji kunya, ya je ya tambayi dattijon da ke jan salla ko akwai laifi. Dattijo ya ce ruwan alwala ba laifi, mai kama ruwa kuwa ya nemi wani wurin, sannan ya tsuguna a kan dutsen ya fara da kansa.

Daga ciki Kaka ta shimfiɗe hanyar ruwan da tsingaro, ta yi mata rassa. Da curin laka take buɗewa da toshewa. Ruwan asuba na alayyahu ne, na azahar na lemo, haka har isha. Wata maƙwabciyarmu 'yar kudu, matar wani makanike, ta leƙo ta gani, washegari ta kawo mata irin ugu, ganyen miyarsu, a ƙullin leda. Hausarta ba ta nuna ba, Kaka kuma ba ta jin yarenta, amma sai su wuni a tsugune suna nuna wa juna ganye. Da zogale ya yi, Kaka ta riƙa fitar da kwaɗo wa masu salla. Sahu ya ƙaru. Wani direba in ya gama alwala sai ya juye sauran butar, ya ɗaga murya ya ce, “Inna, ga nawa nan ya shigo.” Baba yana ta mita wai ba lada ke kawo mutane ba, ƙuli-ƙuli ne.

Sai bazara ta kankama. Ruwa kan ƙafe kafin ya kai ƙarshen reshe. Alayyahu ya ƙone, tattasai ya bi shi. Rannan aka sauke bulo a ƙofar gida. Kaka ba ta ci tuwo ba ranar. Da safe ta toshe fangali biyu da hannunta, ta haƙura da su, ta juyar da ruwan duka ga lemo da yakuwa, ta yi musu rumfa da tsohuwar zana.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas ranar da Baba ya shigo da magini da igiyar awo. Lemo ya fid da sabon ganye mai sheƙi. Zogale ya wuce bango, kabewa da ugu sun rufe madafa. Ana cikin haka wani ya fara alwala a waje, ruwa ya sulalo ta rariya, ya bi tsingaro, ya wuce ta tsakanin ƙafafun Baba. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juyo gare ni.

“Gaya wa kakarka awaki za su yi mata ɓarna. Magini zai ja mata ɗan bango da bulon nan.”

Kaka ba ta ɗago ba, tana tsinke ganye. Ta ce, “Gaya masa kar ya wuce ƙugu. Zai tare min rana.”

Lemon nan mun sha shi har na yi aure. Bayan rasuwar Baba aka zo rabon gado, ƙannena masu karatu suka ce a sayar, suka fi ni baki. Yanzu shaguna ne a wurin, an malale ko'ina da siminti. An toshe rariyar, amma in na bi ta layin ina gane tabonta a gindin bango. Mutanen yanzu kuwa, sai ka ga an jera furannin da ko akuya ba ta ci, ana kwarara musu ruwan burtsatse da tiyo, a ce maka an tsara lambu.

Ni bokitan fenti biyu gare ni, ɗaya zogale ɗaya barkono, a kansu nake alwala. Mai gidan ya ce za su ɓata masa siminti, na ce ya bari su ɓata tukuna. Yau da safe na tura bokiti ɗaya ƙofar maƙwabcin nan nawa. Da azahar ya fito da butarsa, ya kalle ni, ya kalli barkonon, sannan ya tsuguna ya fara alwala a kansa.