Na shanye dabinon mahaifiyata

Lokacin da wannan abu ya faru ni direban kamyo ne, wato babbar motar ɗaukar kaya, ina jigila tsakanin Agadas da Dirku, kuma mutum ne mai ganin babu abin da ban sani ba. A Dirku na fara shan ruwan dabino. Wani tsoho mai garka ya nuna mini yadda kakanninsu suke yi: a sassabe rassan sama, a ɗan kankare kan itacen, a rataya ƙwarya ruwa ya riƙa ɗiga. Ya ce da sassafe zaƙi ne zalla, amma rana na ɗagawa ya zama giya, don haka shi ba ya barinsa ya wuce hantsi. Ya kuma ce ba a taɓa itacen da ke haihuwa, sai wanda ya tsufa ya daina. Na saurari yadda ake yi, sauran bayanin na bar masa. Ni na la'asar nake so, kuma ina yaudarar kaina wai ai ba burkutu ba ne, ruwan itace ne.

Da na bar hanyar Dirku na dawo gida, ƙishin abin ya biyo ni. Mahaifiyata tana da dabino guda a garkarmu ta Dabaga, wanda marigayi babana ya dasa shekarar da ya aure ta. Da shi take buɗa baki kowane azumi, ta kuma raba wa maƙwabta. Ciwon ƙafa ya hana ta zuwa can, sai ta damƙa mini kula da shi. Wallahi ina kunyar rubuta wannan: na hau shi da wuƙa. Da ruwan ya ragu na ƙara yankawa, ya sake raguwa na ƙara zurfafawa, ina cika bido, wato jarka, ina ɓoyewa a mota. Kafin wata biyu kan itacen ya ruɓe. Dabino kuwa in kansa ya mutu, ba ya sake tohowa.

Da kakar dabino ta zo, na sayo mai kyau a kasuwa na kai mata na ce nata ne. Ta ɗauki ɗaya ta tauna a hankali, ta ajiye ƙwallon a gefen tabarma. Ta ce wannan ba na babana ba ne, shekara arba'in tana cinsa. Ta tambaye ni ko itacen yana da rai. Na kasa ɗaga kai, na gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ta daɗe tana jin warin a jikina tana yi mini addu'a, amma ba ta san abin da ya rage mata na mijinta nake sha ba.

Tun ranar ban ƙara sha ba. Na dasa wani kusa da kututturen, sai dai ta rasu bai kai ga haihuwa ba. Na gane cewa mai sha yana zaton kansa kaɗai yake cuta, alhali yakan fara da abin waɗanda suka amince masa. 'Yan uwana direbobi, kada ku ce ai ruwan itace ne. Bana sabon dabinon ya yi 'ya'yan fari, na raba wa maƙwabtanta duka, ni na kasa cin ko ɗaya.